Barewa a Hanyar Palime

Yanzu in na idar da sallar asuba na zauna a bakin ƙofa, ƙara ɗaya ce ke cika mini kunne har rana ta take, ta baburan haya da ake kira zemijan, dukkansu murya ɗaya kamar sauro. Motoci kuwa sun zama bebaye, sai mota ta zo daf da mutum kafin ya san tana tafe. Jikana da ya gaji sana'ar gidan nan, in an kawo masa gyara ba ya ko kara kunnensa a jikin inji. Wata 'yar na'ura yake jona wa motar, ta nuna masa inda ke ciwo, ya cire abin ya jefar ya sa sabo. Ban ce laifi ba ne, da wannan yake ciyar da mu. Amma ni da na yi ƙuruciyar aurena a bayan garej, a tsohon Zango na tsakiyar Lome, wanda yau ko bulo ɗaya nasa ba a gani, sai in riƙa jin kaina kamar mai jin wani yare da masu yinsa duk suka ƙaura.

A wancan zamani kowace mota da muryarta. Ina kan keken ɗinkina a zaure, ba sai na ɗaga kai ba, na san lorin goro ne ya shigo daga arewa da tarinsa irin na tsoho, ko kuwa tasin nan ce ta unguwar Hanukope da aka ɗaure wa salansa da waya. Kafin motoci su farka ma akwai wasu muryoyin. Ladanin masallacinmu da maƙogwaronsa yake kira, babu lasifika, in ya yi shiru sai a jiyo teku can nesa yana dukan gaɓa, sannan jirgin ƙasa ya yi kuka, sannan taɓare su fara. Mu ƙananan matan aure muna layin famfo da bokitai, a yi tambaya da Hausa, a amsa da Mina, yaren mutanen Lome, a ƙarasa tsegumin da Zabarmanci. Surukata, wadda duk unguwa ke kira Inna, tana bakin tanda tana suyar masa, hayaƙi na shiga idonta ba ta ko ƙiftawa. Kakanninta daga Kano suka zo da fataucin goro, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa taka can ba, amma in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta ce, "A garinmu ba a haka." Ba wanda ya taɓa yin ƙarfin halin tambayarta wane gari.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ɗan makarantar Faransanci ne. Inna ta so ta gan shi akawu a tashar jirgin ruwa da farar riga da biro a aljihu, shi kuwa tun tasowarsa zuciyarsa na cikin baƙin mai. Ya bar karatun ya shiga koyon kanikanci, a can ya haɗu da Fo Kosi, mutumin Ewe, Kirista, dogo, mai dariya da duk jikinsa. Da ubangidansu ya yaye su sai suka buɗe nasu garejin tare a gindin wani mangwaro, shingen kwano kawai ya raba shi da tsakar gidanmu. Ranar Juma'a Fo Kosi ke tsare garej, ranar Lahadi maigidana. Malam yake kiran maigidana don tsokana, saboda yadda yake ajiye sufana ko ana tsakiyar aiki da zarar an kira salla. Ni kuma Amariya yake ce mini, har na yi jikoki bai canja ba. Hausarsa irin ta Zango ce da ba ruwanta da mace ko namiji, kowa shi ne, har uwar da ta haife shi, sai dai a labarin nan zan miƙe masa ita. Wankin kayan aikinsu su biyu ni ce, in tafasa ruwa in zuba toka da sabulun salo, in murza har yatsuna su yi fari. Inna na kallona tana mita, "Yaro ya iya rubutu da Faransanci, ga shi yana yini a ƙarƙashin mota kamar kaza mai neman inuwa." Tana gama mitar sai ta cika kwano da masa ta miƙa ta saman shinge, ta ce a ci da Kosi.

Uwar Fo Kosi, da muke ce wa Dada, a lungun bayanmu take zaune lokacin, tana sayar da busasshen kifi da manja. Ni tun ina ƙarama uwata ta rasu. Haihuwata ta fari ta zo da gardama, Inna kuwa ta tafi ta'aziyya Sokode, sai Dada ce ta ji nishina ta ture ƙofa ta shigo. Ita ta riƙe ni, ita ta yi mini wankan jego, ita ta riƙa kwana a bakin gadona har Inna ta dawo. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Minata ba ta wuce ta ciniki ba, amma ban tuna ranar da muka kasa fahimtar juna ba. In za ta dafa mini wani abu ba ta zuwa da tukunyarta, tamu take karɓa, ba kuma wanda ya ce ta yi haka. Daga baya gwiwoyi suka hana ta kasuwa, ta koma ƙauyensu a cikin duwatsun da ke gaba da Palime, ta riƙa aiko mana da fiya da ayaba a hannun direbobi.

A shekarun ne aka jawo Barewa. Wata tsohuwar motar Faransa ce da ta yi karo aka yar da ita. Duk safiyar Lahadi 'ya'yan Kwarori 'yan kasuwa da Turawan da ke aiki a tashar jirgin ruwa sukan yi tsere a titin bakin teku, samarin Zango kuwa nasu kallo ne daga gefe. Maigidana da Fo Kosi suka ce sai wata rana an ga motar Zango a cikin layin. Suka riƙa yi mata aiki tsakanin la'asar da magariba, in aikin mutane ya ƙare, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Suka kai kan injin wajen masu yankan ƙarfe aka kankare shi kaɗan, don wurin da fetur ke kama wuta ya ƙara matsewa, bugun ya ƙara ƙarfi. Suka sa mata kafireta biyu da salansa mai faɗi, suka cire duk abin da ke da nauyi. Kujerar baya ce kawai ta tsira, ita ma don Inna ta ce in an cire ta, ina za ta zauna ranar da za a kai ta shan iska. Ranar da suka fara tada ta, kajin gidanmu sai da suka haye rufi, ladan da kansa ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Wata rana na kai musu ruwa na iske su sun jera wasu ƙarafa huɗu a kan buhu suna goge su kamar kayan ɗakin amarya. Na tambaya, maigidana ya ce biyel ne, kamar yadda kanikawan Lome ke faɗa. Da ya ga ban gane ba, sai ya ja ni zaure ya durƙusa a gaban kekena, ya nuna mini sandar ƙarfen nan da ke haɗa matakin da nake takawa da babbar tayar da ke juyawa.

"Kin ga wannan? Ƙafarki sama da ƙasa take yi, ita ke mayar da shi juyi. To, haka biyel yake a cikin inji. Fistin na hawa yana sauka, shi ke riƙe da shi yana tura babban ƙarfen da ke juya taya. Duk ƙarfin da muka ƙara wa Barewa, a wuyansa zai sauka."

"To, ai sai ku sa sababbi," na ce.

Fo Kosi ya yi dariya daga bakin shinge. "Amariya, irin waɗanda za su ɗauki wannan ƙarfin sai an tsallaka teku. Na nan za mu lallaɓa. In mun bi ta a hankali har ta saba, za su riƙe."

Wannan bi a hankali shi suke kira rodaj. Sabon haɗin inji ba a matsa masa, sai an yi ta yawo da shi sannu sannu har ƙarafan su san juna. Suna cikin yin rodaj ɗin ne, saura kaɗan su shiga tseren, abin ya faru.

Ranar babban bikin jam'iyya ce. A wancan lokaci jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, in ta yi biki kowa ya yi. Na kwana biyu ina ɗinka wa mata anko na zanen da ke ɗauke da fuskar Shugaba, rediyo tun safe waƙoƙin yabo, an kwashe duk lori da bas na tasha don jigilar masu rawa, manyan tituna kuma an rufe. Da hantsi sai ga wani mutum daga ƙauyen su Fo Kosi, ƙura har gira, ya ce tun jiya yake hanya, da ƙyar ya sami abin hawa. Dada ba ta da lafiya, ta daina cin abinci, sunan Kosi kawai take kira. Fo Kosi ya ruga tasha ya dawo, babu ko keken shanu. Motocin da ke garej kuwa duk a kwance suke, cikinsu a waje. Na gan shi tsaye a gindin mangwaro, dogon mutumin nan, hannuwansa na lilo bai san inda zai sa su ba.

Maigidana ya je ya yaye tamfol ɗin da ke kan Barewa.

"Malam, ba ta gama rodaj ba," in ji Fo Kosi.

"Ta ƙarasa a hanya. Shiga."

Ni ma ban nemi izinin kowa ba. Na miƙa wa Inna yaro, na yafa mayafi na buɗe ƙofar baya. Maigidana ya waiwayo zai yi magana, Inna ta riga shi, "Ƙyale ta ta je. Matar nan ta wanke ta lokacin da ba na nan."

Muka bi lunguna ta bayan unguwar Tokwen don kauce wa masu maci, har muka kama hanyar Palime. Da farko a hankali yake tafiya kamar yadda suka saba, amma kowace kwana muka sha sai in ga Fo Kosi ya ƙara sunkuyowa gaba, kamar zai tura motar da ƙirjinsa. Maigidana ma ya gani. Sai ya taka. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Kujera ta manne mini a baya, bishiyoyin kwakwa suka zama layi ɗaya, iska na fizgar mayafina, muryar Barewa kuwa ta tashi daga gurnani ta koma wata siririyar waƙa mai tsabta. Duk da abin da ke gabanmu, na hango gefen fuskar maigidana, na ga murmushin da yake ƙoƙarin ɓoyewa. Abin da suka daɗe suna ginawa ne yake ji a ƙarƙashin ƙafarsa.

Fetur ya kusa ƙarewa a tsakiyar hanya, gidajen mai kuma duk a rufe saboda biki. Muka tsaya wajen wata mata mai sayarwa a kwalabe. Fo Kosi ya sansana ya yamutsa fuska, ya ce akwai warin kananzir a ciki, amma babu wani, suka zuba. Tun daga nan muryar motar ta canja. Duk lokacin da muka kama hawa sai in ji wani ƙyas-ƙyas kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Muka ratsa wani rafi da ruwan sama ya cika, muka wuce Palime, muka bar kwalta muka shiga jar hanya mai hawa tana murɗewa a jikin dutse. A nan ne aka fara ƙwanƙwasawa. Wannan ba irin ƙarar farko ba ce, mai nauyi ce, daga can ƙasa, kamar mutum na dukan ƙofa da dunƙulen hannu. Ni da ban san komai ba ma na gane ba lafiya ba.

"Malam, tsaya," in ji Fo Kosi. "Biyel ne."

"Na ji."

"Allurar man inji ta faɗi. In ka ci gaba zai fasa."

"Na sani, Fo Kosi."

"Ka tsaya mana! In muka kashe ta yanzu za ta gyaru. Sauran hanyar na taka da ƙafa."

"Da ƙafa sai dare ya same ka a dutsen nan. Tun da muka bar kwalta ka ga wata mota? In na ɗaga ƙafata a wannan hawan ba za ta sake tashi ba."

Fo Kosi ya kai hannu zai murɗe makulli, maigidana ya riƙe hannun ya mayar masa da shi kan cinyarsa, a hankali, kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ni ina baya ina ta Hasbunallahu, ina kallon gumi na gangarowa ta ƙeyar mijina. Ƙwanƙwasar na ƙara sauri, warin mai mai ƙuna ya cika motar, shi kuwa ya sa ƙaramar giya ya danne totur har ƙasa. Kwana bayan kwana Barewa na kuka tana hawa. Muna kaiwa ƙarshen hawan, rufin cocin ƙauyen ya bayyana a ƙasa cikin bishiyoyin koko, sai na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashin ƙafafuna. Hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya fantsama a gilashi, injin ya yi tsit. Maigidana ya cire giya ya leƙa kansa ta taga, motar ta gangara da kanta shiru, ba a jin komai sai tsakuwa a ƙarƙashin taya, har ta je ta tsaya a bakin wata gona.

Fo Kosi ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu ya zura da gudu.

Mu muka bi shi a baya da tafiya. Maigidana ko waiwayar motar bai yi ba. Da muka shiga ɗakin, Fo Kosi na durƙushe a gefen tabarma, hannun Dada na kan kansa, tana yi masa magana ƙasa ƙasa da yarensu. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma idonta na nan. Ta gan ni ta miƙo ɗayan hannun, ta tambaye ni yaro, ta tambaya ko na ci abinci. Sannan ta kama hannun maigidana ta juya shi, ta ga baƙin mai a tafinsa, ta yi ɗan murmushi ta ce wani abu da ya sa matan da ke ɗakin dariya cikin hawaye. Daga baya aka fassara mana, wai cewa ta yi har yanzu yaran nan biyu ba su koyi wanke hannu ba. Kafin rana ta faɗi ta cika, kanta a kan cinyar ɗanta.

Mutanen ƙauyen sun karrama mu. Suka share wa maigidana wurin salla a gindin wata bishiya, in za a yanka kaza kuwa sai su kawo masa wuƙa ya yanka da kansa don mu iya ci. Bayan an yi jana'iza, wani lorin koko ya ja Barewa da igiya har Lome.

Sai da Fo Kosi ya gama zaman makoki suka buɗe injin. Ina zaure na ji shirunsu ya yi yawa, na leƙa. A gefen injin akwai rami da hannuna zai shige, inda ƙarfen ya ɓalle ya fasa ya fito. Sun shimfiɗa gutsattsarin a kan buhu, su biyu a tsugune kamar masu duba mara lafiya.

Fo Kosi ya ɗaga wani guntun noti, irin wanda suke kira bulon, mai ɗaure gindin biyel. "Ga shi nan. Dubi yadda ya miƙe ya sirance kafin ya tsinke. Tsoho ne, an taɓa ɗaure shi an kwance, ni kuma na sake ɗaure shi da hannuna ba ma'auni. Ni na kashe ta, Malam."

"Ajiye wannan," in ji maigidana. Ya ɗauki gindin biyel ɗin ya nuna masa. "Ka ga ya yi shuɗi? Zafi ne. Mai ya tsinke ya zama ruwa, ƙarfe ya hau kan ƙarfe. Wa ya danne totur a ƙaramar giya bayan allura ta faɗi? Ƙafata ce. Bulon ɗinka daga baya ya tsinke."

"Da ya riƙe, da mai bai tsere ba."

"Da ban matsa mata ba, da ya riƙe."

Suka kira ni in raba gardama, ni da iyakar sanina keken ɗinki. Maigidana ya nuna mini bakin karayar. Rabinsa sumul ne da wasu siraran layuka kamar waɗanda teku ke bari a kan yashi, ɗaya rabin kuwa kaushi kamar an karya rogo. Ya ce sumul ɗin tsohuwar tsaga ce da ta daɗe tana ci a ɓoye, wataƙila tun karon da motar ta yi a hannun mai ita na farko, kaushin kuma shi ne abin da ya rage ya ɓalle a lokaci ɗaya. Na ce to ai shi ke nan, ba laifin kowa ba ne. Duka biyun suka juyo suka dube ni kamar na yi saɓo.

Ba a sake gina Barewa ba. Ba da daɗewa ba hukuma ta ce Zango ya tashi daga tsakiyar gari, aka nuna mana fili can arewa, wurin da a lokacin daji ne, ba famfo ba inuwa. Muka kwashe abin da zai kwasu, gangar Barewa a gindin mangwaro muka baro ta. Inna ba ta daɗe ba a sabon wurin, Allah ya yi mata rasuwa. Garejin ma ya rabu, don Fo Kosi ba ɗan Zango ba ne, ya koma wajen Adakpame kusa da tashar jirgin ruwa, tsakaninmu da shi gari guda cur. Na ga zumunci da yawa da wannan ƙaura ta kashe, mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya suka koma sai a jana'iza. Na ɗauka nasu ma haka zai zama.

Amma Lahadin farko bayan mun tare, da azahar, sai ga Fo Kosi da kayan coci, ya sha hanya, yana share gumi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, na yi tunani. Fetur ɗin matar nan ne. Kananzir ya sa wuta na kamawa kafin lokacinta, tana dukan fistin yana kan hawowa. Ni na sansana, ni na ce a zuba." Maigidana ya shiga ɗaki ya fito da karyayyen biyel ɗin a cikin tsumma, ya ce in dai wannan ne, ai shi ya ce a kankare kan injin har ya matse haka, da ba a kankare ba da ko kananzir zalla ta sha ba abin da zai same ta. Wata Lahadin kuma rafin da muka ratsa ne, wai ruwa ya shiga ya lanƙwasa ƙarfen, sai su yi ta musu a kan wa ya ce a ratsa. Duk inda suka zaga, Fo Kosi kan bulon ɗinsa yake komawa, maigidana kan ƙafarsa. Yarana suka girma suna jin wannan musu kamar karatun allo. Sababbin kanikawa sukan zo su zauna a gefe, da yawansu a nan suka koyi abin da ke karya biyel ba tare da an koya musu ba. Ni dai nawa in dama koko in soya ƙosai. Tun ina jin haushin surutun har na gane cewa ba mai son ya ci gardamar a cikinsu, don in ta ƙare, me zai sa mutum ya ratsa Lome duk mako da guntun ƙarfe a bakinsa.

Haka suka tsufa. Fo Kosi ya fara zuwa da sanda, maigidana ya bar wa 'ya'yansa garej. Da ciwon ajali ya kwantar da maigidana, Fo Kosi ya zo ranar Lahadi kamar kullum, na shigar da shi har ɗaki. Ya zauna a gefen gadon. Can maigidana ya ce, da muryar da sai an sunkuya ake ji, "Fo Kosi, na bar maka. Bulon ɗinka ne."

Na ga fuskar Fo Kosi ta canja. Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban karɓa ba. Ba ka isa ka rufe maganar nan kai kaɗai ba, Malam. Akwai abin da ban faɗa maka ba game da famfon mai. Sai Lahadi."

Maigidana ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To, Allah ya kai mu."

Ranar Alhamis ya rasu. Fo Kosi ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga gefe da hularsa a hannu har aka gama. Ranar Lahadi da azahar, ina cikin takaba, aka ce mini yana waje. Ya zauna a bencin da suka saba zama, a nasa gefen, ya bar ɗaya gefen. Na aika masa da koko, na tsaya daga bayan labule muka gaisa. Ya riƙe kofin bai sha ba.

"Amariya," ya ce.

"Na'am, Fo Kosi."

"Ƙafarsa ce. Tun a kan dutsen na sani." Ya goge idonsa da bayan hannu. "Da ya ɗaga ta ko kaɗan, da ban sami uwata da rai ba."